Dandamalin Malam Evlogi

Da Malam Evlogi ya faɗi a tsakar gidan benen, sai yaran suka kaure da tafi.

Tun safe yake koya musu yadda ɗan wasan kwaikwayo ke faɗuwa bai fasa kai ba: gwiwa tukuna, sai ƙugu, sai kafaɗa. Stoyka na barandarta tana gasa tattasai. Shekara da shekaru tana kallon tsohon maƙwabcin nan nata yana zubewa yana tashi a gaban 'ya'yan mutane, ta san faɗuwarsa sarai. Wannan karon fuskarsa ce ta fara isa ƙasa.

"Ku daina, 'ya'yan jakai!" ta daka musu tsawa. "Ba wasa ba ne! Denitsa, kira motar asibiti!"

Ta sauko ko takalmi babu, ta ɗora kansa a cinyarta.

"Stoyka," in ji shi da ƙyar, "ƙaurin hayaƙi kike."

"Yi mini shiru, tsohon banza."

"Tafawa suka yi?"

"Sun tafa."

"Kai, yaran nan. Faɗuwar ma ba ta yi kyau ba."

Bai kai asibiti da rai ba.

Ba mata, ba ɗa, don haka Stoyka ce ta rufe maduban ɗakinsa kamar yadda al'adarsu take in an yi rasuwa, ta goge masa baƙar kwat. Sannan ta ɗaura ɗankwali ta nufi zauren wasanni na garin. Kowa ya sani, ɗan wasa in ya mutu a kan dandamali ake kwantar da shi, mutane su yi masa ban kwana kafin a wuce coci. Amma shugaban zauren, Momchil, shi ne ya kori ajin Malam Evlogi bara don ya riƙa ba masu biki hayar wurin. Abin da ya jefa tsohon tsakar gida ke nan, cikin sanyi da rana.

"Goggo Stoyka, gobe akwai biki," in ji Momchil, yana wasa da makulli. "An riga an fara ado. Kuma marigayin ba ma'aikacinmu ba ne."

"Ba ma'aikacinku ba? Kai ɗin nan da in'ina ta hana ka faɗin sunanka, wa ya buɗe maka baki? Da idona na gan ka kwance a ƙasa, ya ɗora maka bulo a ciki yana koya maka numfashi. Ni ban yi makaranta ba, ban san dokokinka ba. Dandamali nake so, na safiya guda!"

Ya tura ƙofar ofis a hankali ya bar ta tsaye.

A matattakalar waje ta tarar da yaran, idanu duk sun kumbura.

"Goggo," in ji Denitsa, "yana mutuwa muna tafa masa."

"Kun tafa, ya kuma ji, har ya zage ku. To sai me? Kuka zai buɗe ƙofar nan? Ba abin da ya koya muku sai faɗuwa?"

Denitsa ta share hanci ta dubi sauran. Ɗaya bayan ɗaya suka miƙe suka jeru a bakin ƙofa, suka yi darasin da yake fara ba kowane sabon yaro: tsayuwa. Ƙafa a kafe, hannu a sake, ido a waje guda, ba magana. Duk suka zuba wa tagar ofis ido.

Masu kawo furanni suka rasa hanyar shiga. Uwar amarya ta iso tana tambayar lafiya, Stoyka ta zayyana mata komai da muryar da har mai gidan burodi na tsallake ya ji. Matar ta yi alamar gicciye.

"'Yata ba za ta taka rawa inda aka hana gawa kwanciya ba," in ji ta.

Momchil ya fito yana gumi. "Denitsa, zan kira babanki. Kai, Boril, da kai nake!"

Ko ƙiftawa ba su yi ba. Ya bi su da kallo, yara ƙanana amma sun cika ƙofa, ya buɗe baki, kalmar ta maƙale masa kamar da can. Sai ya miƙa wa Stoyka makullin.

"K-kafin tsakar rana ku fita."

"Kai ma ka zo ka kama akwatin gawa," in ji ta. "Kafaɗa gare ka."

Washegari aka kwantar da Malam Evlogi a tsakiyar dandamali, fararen labulen biki kewaye da shi. Stoyka, wadda ba ta taɓa hawa wurin ba a rayuwarta, ta zauna a kujera gefensa da kwanon dafaffiyar alkama ta sadakar mamaci a cinya. Katakon na ƙara duk sanda ta motsa.

Daga can sama, wurin fitilu, Denitsa ta leƙo. "Goggo, wace fitila zan kunna?"

"Ƙaramar. Kar ki haske masa ido."

Haske ya sauko a kan ƙirjinsa, har ya taɓo bakin zanenta. Stoyka ta ja kujerarta baya kaɗan, ta bar masa hasken.