Faci Kafin Huji

Takardar ta zo a jakar makarantar Auta, duk ta yamutse tsakanin littafi da ɓawon lemo. Uwar ta shimfiɗa ta a kan keken ɗinkinta, ta karanta sau biyu. Likitocin haƙori za su zo makaranta ranar Talata. Duk yaron da turamensa na manya suka fito, waɗanda ba a famfararsu, za a shafa masa wani farin magani mai daskarewa, ya cike kwarin saman haƙorin don kada abinci ya maƙale ya ruɓar da shi. Ba allura, ba zafi. Sa hannu kawai ake nema.

Ta ja hannun yarinyar suka nufi bakin titi, inda maigidan ke facin taya. Suka same shi durƙushe gaban bahonsa, ya danna tub cikin ruwa yana jiran kumfa ta tashi.

"Baban Auta, ga takarda daga makaranta."

Ya saurara har ta gama bayani, ya goge hannu da tsumma.

"Haƙorin ya huje ne?"

"Bai huje ba. Ai don kada ya huje ake yi."

"To, shekara ashirin ina wannan sana'a, ban taɓa manna faci a lafiyayyar taya ba. Wanda ya yi haka ko mahaukaci ne ko macuci."

"Bakin 'yarka ba taya ba ne!"

Mutumin nan, in ya kafe, sai dai ka yi ta magana da bango. Ya aika aka sayo ruwan sanyi, ya ce Auta ta guntsa ta riƙe a baki. Ya zuba mata ido kamar yadda yake zuba wa bahonsa.

"Akwai zafi?"

Auta ta girgiza kai, kumatu cike da ruwa.

"Kin gani? Ba inda yake yoyo. Ranar da ya huje, ni da kaina zan kai ta."

Uwar ta koma gida tana tafasa. Biro na nan cikin akwatin keke, takardar kuma cewa ta yi uba ko uwa. Ta ɗauko shi, ta juya shi a hannu, ta tuna irin fushin maigidan da ke kai mako guda, sai ta mayar. Wannan mayarwar ita ce ta fi ci mata rai daga baya, fiye ma da taurin kansa.

Shekara biyu ba su cika ba Auta ta fara tauna da gefe ɗaya, ta ɓoye ciwon don tsoron likita. Da kuncinta ya kumbura, maigidan ya cika alkawari, ya rufe rumfa suka tafi asibiti su uku.

"Likita, a manna mata abin nan yanzu," ya ce. "Ya huje."

Likitar ta kashe fitilar da ta haska bakin, ta sauke takunkumin fuskarta.

"Malam, wancan maganin, lafiyayyen haƙori ake shafa wa. Sauran turamenta na manya guda uku zan shafa musu. Wannan kam ruɓar ta cinye shi har saiwa, sai cirewa."

Uwar ta tara maganganu cike da ciki, na shekara biyu, amma da ta dubi mijin ta ga ya cire hula yana murza ta, sai ta rasa wanda za ta fara zagi, shi ko kanta.

A bakin ƙofar asibitin, Auta ta ja mayafin uwarta. Auduga ce cushe a kuncinta, maganar na fita da kyar.

"Umma, kwana nawa sabon zai yi kafin ya fito?"

Uwar ta juya ta kalli maigidan.

"Kai ka ba ta amsa," ta ce.