Farantin Baba da Keken Kawu Tela

Baba ne ya raɗa wa abin suna faranti. Ranar da Yayata ta kawo shi shago cikin kwali, ya juya shi gaba da baya, ya ce in dai ba a zuba abinci a kai, shi bai ga amfaninsa ba. Kwamfutar hannu ce mai araha, irin wadda ake ce wa tabilet. Yaya ta san ni da biro ba mu shiri, a aji huɗu na tsaya, shi ya sa ta ce tunda ba na iya rubuta abin da Baba ke koya mini, in riƙa ɗauka a bidiyo.

Gyaran keken ɗinki ne sana'ar Baba, shekara talatin da wani abu. Shagon ɗan ɗaki ne a jikin gidanmu. Benci ɗaya ne a ciki, sai gwangwanaye cike da noti da allurai, sai warin man keke da ya kama bango. Telolin layinmu duk nan suke kawo aiki.

In an zo faɗin gaskiya, farantin yana da halinsa na kirki. Fuskarsa faɗi gare ta, Baba na gani ba tabarau. Caji ɗaya sai ya kwana biyu. Muryarsa kuwa har bakin titi ake ji. Sau biyu yana faɗowa daga benci, ko tsagewa bai yi ba. Amma kafin ya buɗe abu sai ka taɓa, ka je ka sha ruwa ka dawo. Kawu Tela, aminin Baba wanda tun ina ƙarami yake kirana Hawainiya, ya ce Allah ya haɗa ni da ɗan'uwana. Kyamararsa kuma daga nesa take gani. Da ka matso da ita kusa da ƙaramin abu, sai komai ya dagule. Ga cikinsa ɗan kaɗan, bidiyo biyar ya ƙoshi.

Aiki ɗaya ne Baba bai taɓa bari na taɓa ba, wato saita allura da ƙoshiya, wannan ƙarfen da ke ƙasa yana cafke zare. In suka saɓa da kamar faɗin gashi, keke ya dinga tsallake ɗinki ke nan. Wata safiya yana yi wa keken Kawu Tela wannan saitin, sai na kafa masa faranti. Baba ba mai bayani ba ne. Ya juya ƙafar keken da hannu, a hankali.

"Ka ji?" in ji shi.

Na ce na ji. Ya sassauta noti, ya ɗan gusa wani abu, ya ɗaure, ya sake juyawa.

"To yanzu fa?"

Nan ma na ce na ji. Ban ji komai ba. Idona na kan faranti, a raina ina cewa ai ga shi na ɗauka, zan kalla daga baya a natse. A daidai nan cikin farantin ya cika, ya tsaya da kansa.

Bayan wata bakwai ɓarin jikin Baba na dama ya shanye, magana ma ta ɗauke. Aka dawo da shi daga asibiti aka kwantar a ɗakin da ke bayan shago. Na ci gaba da buɗewa ina yin ƙananan gyare-gyare, amma na lura teloli sun fara wucewa ta ƙofa suna gaisuwa kawai.

Ran nan da hantsi sai ga Kawu Tela rungume da kan kekensa. Sai da ya shiga ya duba Baba, ya fito yana goge ido da hannun riga, sannan ya ce mini keken ya koma tsallake. Ga kayan 'yan makaranta jibge suna jiransa. Bai ɓoye mini komai ba. Ya ce zai ba ni zuwa ƙarfe huɗu, in bai yiwu ba zai kai sabon shagon da aka buɗe a bakin kasuwa, kuma in sani duk inda ya kai kekensa, nan sauran teloli za su bi.

"Ba don na ƙi ka ba ne, ɗana," ya ce. "Amma hawainiya ma in ta ga wuta takan ɗaga ƙafa."

Da ya tafi na buɗe bidiyon. Ga yatsun Baba, ga sukudireba, amma daidai wurin da allura ke haɗuwa da ƙoshiya ba abin da ake gani sai wani farin dishi-dishi. Na goge gilashin da gefen riga. Na buɗa hoton da yatsu biyu, ya ƙara lalacewa. Na maimaita ya fi sau goma. Na kwance notin na gwada da ka, keken ya tsallake fiye da yadda aka kawo shi, har allura ɗaya ta karye.

Wajen ƙarfe biyu raina ya ɓaci. Ni ba mai jifa da kaya ba ne, kife farantin kawai na yi a kan benci, na dafe kai. Ban kashe shi ba, sai ya ci gaba da magana a kife, katakon bencin yana ƙara masa amo.

"Ka ji?" muryar Baba ta ce.

Wata biyu rabona da jin wannan muryar daga bakinsa. Na bar shi a kife. Da yake babu abin kallo, sai kunnena ya buɗe. A juyin farko akwai wani ɗan ƙas da ke zuwa a makare, kamar mai ɗingishi. A juyi na biyu babu shi, sautin ya zama ɗaya, sumul. Na mayar baya, na sake kifewa, na sake ji. Ashe abin da yake nuna mini ke nan tun ranar.

Na rufe ido na juya keken Kawu. Ɗingishin na nan. Na sassauta, na gusa, na juya, na kunna faranti na kwatanta. Haka na yi ta yi har sautin biyu suka yi kusa, na kasa rabe su. Amma zuciyata ba ta kwanta ba.

Na ɗauki kan keken na shiga ɗakin Baba. Inna na zaune tana ba shi ruwa da cokali. Ta dube ni kamar za ta hana, sai ta matsa. Na ajiye keken a kan kujera kusa da kunnensa na hagu, na juya. Ya daɗe yana saurare. Sai ya ɗaga yatsa ɗaya na hannunsa mai lafiya, ya karkata shi kaɗan zuwa gaba. Na gusa kamar ban gusa ba, na ɗaure, na juya. Ya sauke yatsan, ya lumshe ido.

Ƙarfe huɗu saura Kawu Tela ya zo da ƙyalle a aljihu. Ya ɗora keken a kan benci, ya juya da hannu, ya ɗinka layi uku, ya ɗaga ƙyallen ga haske yana bin zaren da farce. Bai yabe ni ba. Ya tambaya ko farantin ne ya koya mini. Na ce shi ya riƙe mini muryar, ido ne dai ba shi da shi.

"Haka ubanka ma yake aiki, ba ya kallo," ya ce. "Gobe mai ɗinkin labule za ta kawo nata. Ka buɗe da wuri, Hawainiya."

Har yau cikin farantin a cike yake, kullum sai ya rubuto mini in goge wani abu. Yaya ta ce za ta saya mini babba mai kyamara mai kyau, na ce ta bari tukuna. Da safe in na buɗe shago nakan kife shi a kan benci in kunna, in bar ƙofar ɗakin Baba a buɗe.