Turawan Ranar Litinin

Ana gab da rufe kasuwar hannun jari Lai Chun-sheng ya kutsa zauren dillalai na birnin Hsinchu a Taiwan, gumi na bin wuyansa. Allon bango ya yi jawur, alamar farashi na hawa. Hannun jarin Yongtai ne, kamfanin da ke ƙera ƙwaƙwalwar waya da kwamfuta, wai Amurkawa za su saye shi. Da safen nan Lai ya jinginar da tasinsa ya zuba kuɗin kaf a ciki. Matarsa ba ta sani ba.

Ya zauna kusa da Gwaggo Tsai, tsohuwa mai sayar da kifi, wadda ta zuga shi ya saya.

"Gwaggo, kin tabbata da maganar nan?"

"Ji mini ɗan nan! Tun yanzu cikinka ya ɗuri ruwa?" Ta tofar da ɓawon irin kankana da take taunawa. "Mai shagon taliya na bakin tasha ne ya gaya wa surukina. Shi kuma daga bakin ganau ya ji."

"Wane ganau?"

"Wani direban tasi irinka, amma shi mai ido ne. Ranar Litinin ya kwaso Turawa daga tashar jirgin ƙasa har ƙofar masana'antar. Da kwat ɗinsu, da jakunkunan takardu."

Lai ya juyo ya dube ta. Ai shi ne ya kai Turawa Yongtai ranar Litinin. Su biyu ne, da akwatunan kayan aiki, gyaran inji suka zo. Kwat da jakunkunan nan shi ya ɗinka musu da baki a shagon taliya, don hira ta yi armashi.

"Su nawa ya ce?"

"Bakwai. Har da lauya."

"Bakwai a tasi ɗaya, Gwaggo?"

"To sawu biyu ya yi mana! Kai ka cika bin diddigi."

Ya waiwaya. Tsofaffin 'yan fansho da mata masu kwandunan cefane, kowa ya ɗaga kai yana kallon allo, baki buɗe. Farashi ya ƙara tsalle, wani ya yi tafi.

Lai ya zaro waya, ya sayar da komai.

Gwaggo ta leƙo. "Sayarwa ka yi? Rago! Gobe ka zo nan ka yi kuka." Ta daki ƙirji. "Ni yanzun nan na ƙara, da kuɗin da na ajiye na akwatin gawata."

Lai ya buɗe baki zai gaya mata. Ƙararrawar rufe kasuwa ta riga shi.