Allurar Tsohuwa a Firijinmu

Watan da aka ƙara haraji a kan wutar lantarki, Baba ya zare wayar firijinmu da hannunsa. Mama ta goge cikinsa tas, ta jera tukwane. Na karanta tattalin arziki a jami'a, na san sunan abin da ya same mu, amma sanin suna ba ya sanyaya ruwa.

Ba mu gaya wa kowa ba. Firijinmu ne kaɗai a layin, maƙwabta kuwa sun saba kawo ajiya.

Ran nan da hantsi matar tela ta shigo da 'yar kwalba a leda. Allurar ciwon sukarin surukarta ce, irin wadda zafi ke lalatawa.

"Maman yara, ga amanar tsohuwa, a sa mana a sanyi."

Mama ta karɓa da hannu biyu, har da tambayar mai jiki. Matar na fita Mama ta dube ni, idonta ya kawo ruwa. Bakin Mama bai iya cewa babu ba.

Na naɗe kwalbar a jiƙaƙƙen tsumma, na nufi sabon asibitin da gwamnati ta gina a bakin titi. Fenti na ta ƙamshi, firiji biyu na gurnani a bayan ma'aikaciyar jinya. Na faɗa mata buƙatata.

"Na rigakafin yara ne, ƙanwata. Doka ta hana a haɗa da kayan waje."

"Yaya, da harajin wutarmu fa ake kunna su."

Ta yi dariya. "Har da nawa. Ni ma ruwan randa nake sha a gida."

Gaskiyarta ce, ni kuma ban iya roƙo ba. Na juyo gida, na ajiye kwalbar a gaban Baba. Ya daɗe yana kallonta.

"'Yar boko, wutar da muke iya saya ba ta ɗaukar komai da komai. In firiji ya tashi, sai fanka da dutsen guga su kwanta."

Fankar ta ɗakina ce. Gugar kuma ta kayan da nake zuwa neman aiki da su.

"Su kwanta," na ce.

Na durƙusa bayan firijin na mayar da wayar, Mama ta kwashe tukwanenta.

Tun daga ranar cikin zufa nake barci, rigata kuma ƙarƙashin katifa take kwana don ta miƙe. A ofisoshin da nake zuwa, wasu kan tsaya kallon sawun ninki a kafaɗata. Nakan bar su su gama kallo, sannan in ja kujera in zauna.