Kujerar Mai Yankan Takarda

Shekara goma sha huɗu Kawu yana yankan takarda a maɗaba'ar nan, a zaune kan wata doguwar kujerar katako, domin ƙafarsa ta hagu ta roba ce daga gwiwa. Sai aka kawo sabon manaja mai rawar kai. Ranar Litinin ya sa aka kai kujerar sito.

"Masu kawo aiki sai su shigo su tarar da mutum a zaune kamar mai jiran mota," in ji manaja. "Kowa a tsaye yake, Kawu. In ba za ka iya ba, ga ƙofa nan."

Kwana uku Kawu ya yi a tsaye. Dungun ƙafar ya saɓule, safa ta manne da jini. Matarsa tana gasa masa da ruwan ɗumi tana faɗa: "A gida bakinka ba ya hutawa. A can ne aka ɗinke maka shi?"

Ranar Alhamis ya yi sammako zuwa ofishin ƙwadago. Wata jami'a ta duba takardar likitansa, ta karanta masa doka dalla-dalla: gyaran da lalurar ma'aikaci ke buƙata, muddin bai fi ƙarfin wurin aikin ba, haƙƙinsa ne, ba alfarma ba. Ta ce, "Baba, duk abin da manajan ya gaya maka, ka ce ya rubuta."

Kawu ya wuce sito kai tsaye, ya jawo kujerarsa ƙiii har gaban injin yankan takarda, ya hau. Masu ɗinkin littafi suka tsaya cak.

Manaja ya fito a fusace. "Wa ya ba ka izini?"

"Doka, ɗana." Kawu ya zaro farar takarda daga cikin waɗanda ya yanka, ya miƙa masa da biro. "Rubuta cewa ka hana mai ƙafa ɗaya zama, ko ka kore shi saboda haka. Sa hannu, sa kwanan wata. Akwai mai jiranta."

"Tsoho, kada ka mayar da magana babba."

"Ai babba ce. Ni na yi jinin. Takarda dai ba ta ƙarewa a gidan nan, in ka ɓata wannan in yanko maka wata."

Wani ya tuntsire da dariya a bayan injin. Manaja ya jujjuya biron, ya dubi fuskokin ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ajiye shi ya shige ofis.

Kawu ya daidaita bandir ɗin takarda, ya sauke wuƙar injin.