Rigar Rawar da Mastura Ta Tsawaita

Shekara ashirin Mastura tana ɗinki a Jidda ba a taɓa dawo mata da aiki ba, kuma duk unguwa an san tana ji da wannan. Rannan sai ga maƙwabciyarta Dela, mai girki a gidan wata Baturiya matar ma'aikacin ofishin jakadanci, da wata farar riga. 'Yar gidan ce za ta yi rawa da ita a makarantarsu, ƙugun kawai ake so a ɗan saki.

Mastura ta ɗaga rigar, ta yi salati. Siket ɗin bai kai taƙi biyu ba, ya baje kamar faifai. Yarinya 'yar shekara sha huɗu, a gaban maza? Nan take ta yanke hukunci cewa yadi ne ya ƙare wa telan can. Ta shiga kasuwa ta zaɓo yadin gidan sauro mafi laushi, ta jera ninki bakwai, ya sauko har ƙwauri.

"Halas, shi ke nan, kin kashe mu!" in ji Dela da ta gani. "Yalla, zo ki yi bayani da bakinki."

Mastura ta bi ta zuwa gidan Baturiyar. In aka dawo da wannan riga, gobe labari ya gama unguwa.

Baturiyar ta daɗe tana shafa yadin. Da ta buɗe baki, Dela ta riƙa fassarawa. Rawar, wai bale ake ce mata, labarin wata 'yar ƙauye ce da ɗan sarki ya yaudara, baƙin ciki ya kashe ta. Ta tashi cikin fatalwun 'yan mata masu halaka maza da rawa, amma ita ta kare ɗan sarkin. Da aka fara yin ta, sama da shekara ɗari da suka wuce, da doguwar riga irin wannan aka yi, don mai rawa ta zama kamar ba ta taka ƙasa. Gajerar daga baya ta zo.

Yarinyar ta saka, ta ɗage bisa 'yan yatsun ƙafa, ta juya. Yadin ya tashi a hankali ya bi ta. Uwar ta share ido.

"Tana tambaya, wai a ina kika koyi wannan?" in ji Dela.

Mastura ta gyara mayafinta, daɗi ya cika ta fal.

"Ki ce mata a gidanmu haka ake suturta ɗiya."