Muryar da Sabuwar Kwamfuta Ta Ƙi

Mai gyaran kwamfuta ya danna, ya sake dannawa, manhajar ta ƙi buɗuwa fau-fau. Matar wani direba na tsaye a kansa.

A cikin manhajar nan muryar mijinta take. Kafin likitoci su cire masa maƙogwaro, ya yi makonni yana karanta jimloli ana naɗa, har aka haɗa masa muryarsa. Tun daga nan sai ya rubuta, kwamfutar ta faɗa da bakinsa, har da 'yar shaƙewar nan tasa. Da ita yake yi wa yara faɗa, da ita yake tsokanarta in gishiri ya zarce.

Kwamfutar ce ta tsufa, tana zafi kamar dutsen guga, tana mutuwa a tsakiyar zance. Shi ne baiwar Allah ta ce masa za ta kai gyara, ta je ta musanyo sabuwa dal, wai za ta burge shi. Mai gyara ya rantse zai kwashe mata komai, ya kuwa kwashe, amma a banza.

Yana susar ƙeya ya yi mata bayani. Ƙwaƙwalwar sababbin nan sabon tsarin da ake kira sittin da huɗu kaɗai take ganewa, masu ƙera ta sun toshe hanyar da suka saba bar wa manhajojin tsohon tsari na talatin da biyu, irin wannan ta mijinta. Kamfanin manhajar ya daɗe da rufewa, kuma sun ɗaure ta da allon lantarkin da ke cikin tsohuwar kwamfutar, ba za ta tashi a wata ba.

"To na fasa, ba ni tsohuwar."

Ya nuna mata kwandon da ke ƙarƙashin tebur. Ƙwarya ce kawai. Allon tun jiya masu sayen tsofaffin ƙarafa suka tafi da shi.

A gida ta durƙusa ta faɗa wa mijin komai, tana kuka, takaicin kanta kamar ya kashe ta. Bai ko ɗaure fuska ba. Ya jawo sabuwar, ya buɗe wata manhajar magana da mai gyara ya saka, ya daɗe yana rubutu yana gogewa.

"Ba komai, uwar yara, tashi," in ji wata murya sumul, ta wani saurayi.

Autarsu ta fito daga ɗaki a guje, ta duba bakin ƙofa, ta duba bayan kujera.

"Umma, baƙo muka yi?"

Ya sa hannu a hankali ya rufe kwamfutar.